Kyamara a Cikin Bututu: Ta Ina Za Mu Fara a Zamfara?

 

Duk mazaunin Gusau ya san ruwan famfo ba kullum yake zuwa ba. Abin da ba kowa ya lura da shi ba, bututu ya fi haɗari ne a lokacin da aka ɗauke ruwan. Muddin ruwa na gudu da ƙarfi, tsagar da ke jikin bututu waje take zubar da shi, asara ce kawai. Da an ɗauke, ƙarfin ya faɗi, sai tsagar ta koma zuƙo abin da ke kewaye da ita, alhali a unguwanni irin Tudun Wada da Sabon Gari bututu da kwata maƙwabtan juna ne. Ranar da aka dawo da ruwa, dattin sai cikin randa. Nan ma ƙofa ce ta amai da gudawa, cutar da muka ga ɓarnarta a jihar nan a 2021.

To, yaya za a gano tsagar ba tare da an farfasa titi ba? Ana zura ƙaramar kyamara mai fitila da tayoyi cikin bututun, tana tafiya tana ɗaukar bidiyo. A da, ma'aikaci ne zai zauna ya yi ta kallo har idonsa ya gaji, kuma mutum biyu kan kalli wuri ɗaya su saɓa. Yanzu akwai manhajar da ke rarraba bidiyon hoto-hoto, ta ce nan tsaga ce, nan tsatsa, nan saiwar itace ta kutso, nan mahaɗa ta goce, ta kuma rubuta nisan wurin daga bakin shiga. Sai a haƙa daidai nan.

Amma manhaja abin da aka nuna mata kaɗai ta sani. A 2021 masu bincike a Jami'ar Aalborg ta ƙasar Denmak sun fitar da tarin hotuna miliyan 1.3 mai suna Sewer-ML don koyar da irin waɗannan manhajoji. Duka daga bututun ƙazanta na garuruwansu aka ɗauko su. Mu kuwa masai da shadda muka dogara da su. Manhajar da ta yi karatu a can ba ta taɓa ganin kwalbatin da leda da yashin damina suka toshe ba.

Shi ya sa nake ganin sayo na'ura mai tsada yanzu riga malam masallaci ne. Mu fara da kwalbatocin babbar hanyar da ta taso daga Funtuwa, ta ratsa Tsafe da Gusau da Bunguɗu zuwa Sakkwato. Da rani a bushe suke, kyamara mai araha ta wadatar. Ɗaliban Jami'ar Tarayya ta Gusau su ɗauki hotunan, injiniyoyi su sa wa kowace matsala suna, mu tara namu kundin. Bututun ruwan sha ya fi wuya, don sai an tsabtace kyamarar sosai kafin a zura ta, kuma sai Hukumar Ruwan Sha ta fito da taswirar inda kowane bututu ya bi, da faɗinsa, da shekarar da aka binne shi.