Kowane Kuɗi da Kalarsa



Mu a Riko kuɗi biyu muke juyawa: naira da sefar mutanen Maraɗi. In suka cakuɗe a takarda, zargi ke shiga tsakani. Shi ya sa da lissafinmu ya koma kwamfuta, muka ba kowanne kalarsa a Microsoft Word: naira kore, sefa shuɗi, bashi ja. Kowace kala da lamba uku ake haɗa ta, daga 0 zuwa 255. Mu adana lambobin kada kalar ta sauya. Amma fa fotokwafi baƙi da fari yake fitowa, don haka a rubuta "naira" ko "sefa" gefen kowane adadi.