Jawabi ga masu hawa moto a bakin damana

Ruwan farko na watan Yuni ya fi na Agusta santsi, domin ƙura da man da motoci suka zubar duk tsawon rani sukan cakuɗe, su mai da gudron kamar sabulu. Ku sa hular kwano, ku kunna fitila ko da rana, ku rage gudu. Birki biyu ake kamawa a hankali; na gaba shi kaɗai, in an danne shi, yakan kayar da mutum. Tsakanin Maradi da Damagaram kuwa, in korama ta kawo, ku dakata har ruwa ya janye, domin laka tana ɓoye ramukan da masu neman ƙuri'armu suka yi alkawarin cikewa.