Hoton Garken Taurari Daga Tsakar Gida

Karatu: Ayuba 38:31-33

 

A wurin da muka karanta, Ayuba yana tsakiyar wahala, sai Allah ya jawo hankalinsa zuwa sama, ya yi masa tambaya a kan taurari, har ya ambaci waɗanda muke kira kaza da 'ya'yanta. Yau mu ma za mu ɗaga kai. Za mu yi magana a kan yadda mutum, wanda ba masani ba ne, zai ɗauki hoton wani garken taurari mai nisa ƙwarai daga tsakar gidansa, da kyamara da mazauni mai bin taurari.

Da fari, bari mu san abin da muke nema. Ranarmu tana cikin wani babban garke na taurari, irin wanda masana suke kira galaksi. Farin abin nan mai kama da hayaƙi da yake ratsa sama a daren da babu wata, gefen garkenmu ne muke hange daga ciki. Akwai kuma waɗansu garkuna a waje da namu. Babba mafi kusa da mu sunansa Andromeda. Nisansa ya kai tafiyar haske ta shekara miliyan 2 da rabi, alhali haske yana gudun kilomita kusan 300,000 a daƙiƙa guda. Faɗinsa a sama ya kai na cikakken wata sau 6, amma ido ba ya ganin kome sai ɗan farin tabo a tsakiya. Wani masanin taurari na ƙasar Farisa, Abdurrahman al-Sufi, ya rubuta labarinsa wajen shekara ta 964, ya kwatanta shi da ɗan ƙaramin gajimare.

Me ya sa ido ba ya ganin sauran? Domin ido ba ya ajiya. Hasken da ya shiga yanzu, kafin ƙiftawa ya wuce, na bayansa kuma ba ya haɗuwa da shi. Kyamara kuwa tana iya barin bakinta a buɗe na minti guda ko fiye, tana tara hasken kaɗan kaɗan, kamar yadda mace takan sa bokiti a ƙarƙashin famfo mai ɗiga ta tafi aikinta. Wannan shi ne tushen aikin duka: hasken yana nan, tarawa yake bukata.

Amma akwai matsala. Duniya tana juyawa, saboda haka taurari suna tafiya daga gabas zuwa yamma, digiri 15 a kowace awa. In aka kafa kyamara a kan ƙafa uku aka bar ta a buɗe, kowane tauraro zai ja layi maimakon ya tsaya ɗigo. Masu wannan aiki suna da ɗan lissafi: a raba 500 da tsawon gilashin kyamarar. Gilashi mai milimita 135 ba zai ba da ko daƙiƙa 4 ba kafin taurari su fara jan wutsiya. Daƙiƙa 4 kuwa ba ta isa a tara abin kirki ba.

Maganinta shi ne mazauni mai bin taurari. Wata 'yar na'ura ce mai batir da ake ɗora kyamara a kanta, tana juyawa a hankali daidai da tafiyar sama, zagaye ɗaya cikin awa 23 da minti 56. Akwai na sayarwa, irin su Star Adventurer na kamfanin Sky-Watcher, amma kuɗinsu ya fi ƙarfin yawancin gidajenmu. Kada wannan ya karya mana zuciya. A shekara ta 1975 wani mutum mai suna George Haig ya bayyana yadda za a yi irinsa da hannu: katako 2, da hinjin ƙofa, da noti mai dogon zare. In zaren notin yana ci gaba milimita 1 a kowane juyi, a huda masa rami santimita 22.9 daga hinjin. A ɗaure kyamara a katakon sama, a riƙa juya notin zagaye ɗaya a kowane minti ana duban agogo. Kowane kafinta a kasuwar Gamboru zai iya haɗa wannan. Ya fi dacewa da gajeren gilashi, kamar mai milimita 50.

Ko na saye ko na katako, dole ne a daidaita shi da tauraron arewa, wanda dukan sama take kewayewa shi kuwa kusan ba ya motsi. A nan sai mu lura da wani abu game da garinmu. Maiduguri tana wajen digiri 12 arewa da tsakiyar duniya, saboda haka tauraron arewa yana digiri 12 ne kawai bisa ƙasa. In mun miƙa hannu, bai fi tsayin dunƙulen hannu da ɗan ƙari ba. Katanga, ko bishiyar dogon yaro, ko ƙura, duk suna iya rufe shi. Sai a nemi kusurwar gida inda arewa take a buɗe. In daidaitawar ta kauce, taurari za su ja wutsiya ko da na'urar tana aiki lafiya.

Sai lokaci. Da damina gajimare yana hanawa, da hunturu kuma hazo yana dushe sama. Tsakaninsu akwai 'yan makonni masu kyau, daga Oktoba zuwa farkon Nuwamba, sa'ad da ruwa ya ɗauke ya bar iska a wanke. A ƙarshen Oktoba, wajen ƙarfe 10 na dare, Andromeda yana can sama ta wajen arewa, kusan digiri 60 daga ƙasa. A zaɓi daren da babu wata. A nemi taurari 5 masu siffar harafin W ko M ta arewa, garken yana bisa da su. Manhajar Stellarium a waya za ta nuna wurin daidai.

Ga yadda aikin yake tafiya. A sa kyamara ta ajiye hoto ɗanye, wato RAW. A sa ISO 800 ko 1600. A daidaita gani da hannu a kan tauraro mai haske har ya zama ɗigo mafi ƙanƙanta. Sa'an nan a ɗauki hoto na daƙiƙa 60, a sake, a sake, har 60 ko 100. Kowane ɗaya cikinsu, in an dube shi shi kaɗai, ba abin sha'awa ba ne: duhu ne da ɗigo-ɗigo kamar yashi. Amma ɗigon nan yana sauya wuri daga hoto zuwa hoto, hasken gaskiya kuwa yana nan wuri ɗaya. In aka jera hotunan bisa juna a kwamfuta da manhaja ta kyauta kamar Siril ko DeepSkyStacker, hotuna 4 za su rage ɗigon da rabi, hotuna 100 kuma su mai da shi kashi ɗaya cikin 10.

Akwai mataki ɗaya da yakan ba mutane mamaki. Bayan an gama, sai a rufe bakin kyamara da murfi a ɗauki hotuna 20 na duhu zalla. Gama kyamara da kanta tana haifar da ɗigon ƙarya, musamman a zafi irin na Borno. Da hotunan duhun nan ne kwamfuta take gane aibin kyamarar, ta cire shi daga hoton.

Kada wani ya ce wannan wasan yara ne. Isaac Roberts ɗan kwangilar gini ne, ba malamin jami'a ba. Ran 29 ga Disamba 1888, a gidansa kusa da Liverpool a Ingila, ya bar kyamararsa tana bin Andromeda har awa 4, sai ga siffarsa mai murɗawa ta fito. A 1923 Edwin Hubble ya sami wani tauraro a ciki wanda ya nuna cewa garken yana waje da namu. A 2023 kuma, mutum 3 masu yin aikin don sha'awa, 2 daga Faransa 1 daga Jamus, suka sanar da wani babban gajimaren iska kusa da Andromeda wanda manyan masana ba su lura da shi ba. Sun tara haske na fiye da awa 100 kafin ya bayyana sarai.

'Yan'uwa, mun san abin da dare ya zama a garin nan. Mun yi shekarun dokar hana fita. A Janairun 2021 aka fasa turakun wutar da ke zuwa daga Damaturu, gari ya zauna cikin duhu wata da watanni. Yara da yawa sun girma suna jin cewa dare lokacin kulle ƙofa ne kawai. Ba mu ce a yi ganganci ba. Wanda zai yi wannan aiki ya yi shi a cikin gida, ya sanar da maƙwabta da bulama tun da rana, domin kada a ga ƙarfe mai ƙafa uku cikin duhu a yi zaton wani abu dabam. Amma a bar yara su fito tsakar gida. Wani ya riƙe agogo, wani ya juya noti, wani ya ƙirga hotuna. Inda babu kyamara, matasan ikkilisiya su nemi aro wurin mai ɗaukar hoton biki, su kira shi ya zo a yi tare. A kira 'ya'yan maƙwabta su ma, gama sama ɗaya ce ta rufe mu duka.

Yaron da ya zauna awa 2 yana juya noti, ya ga hoton farko ba kome, ya ci gaba har na ɗari, ya koyi jimiri. Zai bukace shi a makaranta, da wajen sana'a, da ranar da addu'a ta yi kamar ba a ji ba.

Bari mu yi addu'a. Ya Ubangiji, Mahaliccin sama da ƙasa, ka ba garinmu dare mai salama. Ka ba 'ya'yanmu idon dubawa da zuciyar jira. Amin.

Sai mako mai zuwa, in Ubangiji ya yarda. Ku kwana lafiya.