Hayar Gida a Abuja: Abin da Ba Mu Faɗa Idan Mun Zo Gida

 

Shugaban taro, Shugaban makaranta, iyayenmu malamai, 'yan'uwana tsofaffin ɗalibai. Da sakataren ƙungiya ya aiko mini cewa in yi jawabi a kan zaman Abuja, na san wasu suna jiran labarin manyan tituna da Dutsen Aso. Ku yi mini afuwa, ni a kan ɗakin kwana zan yi magana, domin shi ne abin da ya fi hana ƙaramin ma'aikaci barci a wannan gari.

A shekarar 2017 na kama aiki a wata ma'aikata ta Gwamnatin Tarayya. Ranar da zan tafi, wani kawuna daga Kademi ya rako ni tashar Gaya, ya riƙe hannuna ya ce, "To ɗana, idan an ba ka gidan gwamnati ka ware mana ɗakin baƙi." Kawu bai yi kuskure ba, da zamaninsa ya yi magana. Lokacin da Janar Babangida ya mayar da fadar gwamnati daga Legas zuwa Abuja, ranar 12 ga Disamba 1991, ma'aikata da yawa gidaje aka ba su a Garki da Wuse da Kubwa da Nyanya. A 2003 gwamnatin Obasanjo ta sauya tsari, aka ce kowa za a haɗa masa kuɗin gida a cikin albashinsa ya nemi wurin zama da kansa, sa'an nan daga 2005, zamanin da Malam Nasiru El-Rufa'i yake ministan Abuja, aka shiga sayar da gidajen. Mu da muka zo a baya, labari kawai muka tarar.

Dillalin farko da na gani sai da ya karɓi kuɗin kai ni in ga gida tun kafin ya tashi daga kan benci. Ya kai ni Wuse, ɗaki ciki da falo. Da ya faɗi kuɗin shekara, na lissafa a zuci na ga ya zarce albashina na shekarar gaba ɗaya, ko da ba zan ci ba, ba zan sha ba. Kuma ba a nan lissafin ya tsaya ba. Akwai la'adar dillali, yawanci kashi 10 cikin 100, akwai kuɗin lauya mai rubuta yarjejeniya, akwai kuɗin ajiya saboda ɓarna, wanda har yau ban ga wanda aka mayar wa nasa cikin daɗin rai ba. Wani mai gidan ma shekara biyu yake so a dunƙule. Legas ta yi doka a 2011 wadda ta hana karɓar fiye da kuɗin shekara ɗaya daga sabon ɗan haya a yawancin unguwanninta, amma ko a can ɗin, wanda rana ta faɗi bai da wurin kwana ba ya tsayawa karanta doka.

Saboda haka na bi sahun jama'a na fita bayan gari. Ku sani, da yawa daga cikinmu da ake cewa "yana Abuja", a Abuja muke yini kawai. Kwana kuwa sai Mararaba da Masaka a Jihar Nasarawa, ko Suleja da Madalla a Jihar Neja.

A Mararaba ne na ga abin da ban taɓa faɗa wa mahaifina ba sai bara. Wani mutum mai fara'a ya nuna mini ɗaki, ya ce shi ne mai kula da gidan, mai gidan yana ƙasar waje. Makulli yana hannunsa, maƙwabta suna gaishe shi, me kuma zan tambaya? Na ba shi naira dubu 280, kuɗin da aka haɗa mini bayan an sayar da gyaɗa da raguna biyu a gida. Ya rubuta mini rasidi har da tambari, ya ce in dawo ƙarshen wata. Ranar da na dawo da katifata, mu uku muka haɗu a ƙofar ɗakin, kowa da rasidinsa a hannu. Ashe ɗan haya ne da wa'adinsa ya ƙare, ya tattara namu ya yi gaba. Malaminmu na lissafi yana zaune a nan, ina neman gafararsa. Ya koyar, ni ne ban ɗauka ba.

Abin da ya cece ni shi ne wannan makaranta. Wani yayanmu ɗan Toranke, wanda ya girme mu da aji huɗu, wanda kuma a da ba na ƙaunar haɗuwa da shi saboda horon yankan ciyawa, ya ji labari a masallaci. Ya zo da kansa ya ɗauki katifata ya kai falonsa a Masaka. Wata biyar na yi a wurinsa, bai taɓa karɓar ko sisi ba, maiɗakinsa kuma ba ta taɓa zuba abinci babu nawa ba. Allah Ya saka musu da alheri.

Arahar bayan gari kuwa a hanya ake biyan ta. Wanda yake son ya isa Sakatariyar Tarayya ƙarfe takwas, da an sallame Asuba zai fita, in ba haka ba cunkoson gadar Nyanya ya riƙe shi har hantsi. Da aka cire tallafin man fetur ranar 29 ga Mayu 2023, kuɗin mota ya ninka, masu gidaje su ma suka ƙara nasu. An ɗaga mafi ƙarancin albashi zuwa naira dubu 70 a Yulin 2024, amma kafin ƙarin ya shigo hannu, takardar mai gida ta riga shi isowa. Wannan ne ya sa iyalina suna nan Gaya har yanzu, ina ganin 'ya'yana sau ɗaya a wata idan hanya ta yi kyau. Idan kun ga mun zo Sallah da sabuwar shadda, kada ku yi mana kallon masu kuɗi. Wani a cikinmu adashin haya ya ɗauka ya ɗinka.

Ga ƙannenmu masu shirin tafiya, kada ka ba da kuɗi sai ka ga mai gida ido da ido, ko lauyansa a ofishinsa. Ka tambayi maƙwabta su wane ne suke biya. Ka duba bashin wuta a mita, ka kuma tambayi inda ake samun ruwa da rani, domin 'yan ga-ruwa haya ce ta biyu. Takardar yarjejeniya kuma ka karanta ta layi-layi: a dokar Abuja mai biyan shekara-shekara yana da haƙƙin notis na wata shida kafin a tashe shi, sai fa idan takardar da ya sa wa hannu ta faɗi wani abu daban. Su kuma ma'aikata, tun 1992 akwai Asusun Gidaje na Ƙasa wanda ake cire wa kashi 2.5 cikin 100 na albashi. Ku je ku nemi lambar rajistarku, ku san nawa kuka tara.

Shugaban taro, roƙona ɗaya ne. Mu da ke Abuja da kewayenta, a ƙidayar da na yi da yatsu, mun haura goma. Ina so kafin mu tashi a buɗe littafi, kowa ya rubuta sunansa da unguwarsa, da ko zai iya sauke baƙo na wata ɗaya ko biyu. Duk yaron makarantar nan da aiki ko bautar ƙasa ta kai shi can, a haɗa shi da ɗayanmu, kuma kada ya biya kowane dillali sai wani babba ya raka shi. Ni ɗaki ciki da falo gare ni a Mararaba, falon zai ɗauki katifa biyu. A fara rubuta sunana.