Buguwar Kai Bayan Faɗuwa: Abin Da Ya Wajaba A Kan Na Kusa

 

Ya ku 'yan'uwa, mas'alar da zan yi magana a kanta ita ce ta wanda ya faɗi kansa ya bugu: yaro daga kan mangwaro, ko magidanci daga kan soro lokacin yaɓe, ko wanda babur ya kayar tsakanin Dutsin-Ma da Kurfi. Abin da muka saba shi ne, da zarar ya miƙe ya karkaɗe riga ya ce lafiya lau, sai a yi masa barka da arziki kowa ya watse. To, a nan ne haɗarin yake.

Likitoci sun bayyana cewa ƙoƙon kai rufaffen ƙashi ne. Idan jijiya ta tsinke a ciki, jini yakan taru sannu a hankali yana danne ƙwaƙwalwa, alhali mai shi yana tafiya yana magana. Alal misali, a watan Maris na 2009 wata 'yar wasan kwaikwayo ta Ingila, Natasha Richardson, ta faɗi a wajen wasan zamiya kan ƙanƙara a Kanada. Ta tashi tana hira, ta ce ba ta bukatar likita, bayan kwana biyu ta rasu saboda jinin da ya taru a kanta.

Saboda haka, idan mutum ya faɗo daga sama kada a ɗaga shi da gaggawa, domin sau da yawa ƙashin wuya yana samun rauni tare da kai. A riƙe kansa daidai da jikinsa, a duba numfashinsa. In ya suma, kada a ɗura masa ruwa ko rubutu, zai iya shaƙewa. In amai ya taso, a juya shi gefe, kai da jiki gaba ɗaya. Inda jini ke zuba a danne da tsumma mai tsabta, ban da toka, ban da ƙasa. In ƙashin ya loma ciki, a rufe kawai kada a danna.

Wanda ya tashi garau kuma, wajibi ne wani babba ya zauna da shi har kwana guda. Alamomin da ba a jira da su: suma ko da na ɗan lokaci ne, amai a kai a kai, ciwon kai mai ƙaruwa, barcin da ake wahalar tayar da shi, ruɗewar magana, mutuwar hannu ko ƙafa, jijjiga, ruwa ko jini daga kunne ko hanci. Kada a ba shi asfirin ko ibuprofen, suna iya ƙara zubar jini. Farasitamol ya isa.

Zan ɗan tsaya a kan jijjiga da sambatu. Yaro ya faɗo daga bishiya da rana, da magariba ya fara surutai, sai a ce aljanun bishiyar ne suka taɓa shi, a kwana ana hayaƙi a kansa. Jama'a, wannan jinkiri yana kisa. A yi addu'a, amma a yi ta a cikin mota. Malamin tiyata na Andalus, Abul Ƙasim Az-Zahrawi, wanda ya rasu wajen 1013 Miladiyya, ya yi bayanin karayar ƙoƙon kai da yadda ake aikinta a littafinsa At-Tasrif. Ashe ba baƙon ilmi ba ne a wurinmu.

A kai shi babban asibitin Dutsin-Ma ko na Kurfi, a kwance cikin mota, kada a goya shi a babur. Su ne za su tura shi Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke Katsina, ko na Malam Aminu Kano, in ana bukatar hoton ƙwaƙwalwa ko tiyata. Kun san halin da hanyoyinmu suke ciki bayan faɗuwar rana, don haka a yanke shawarar tafiya tun da sauran rana.

Sai dattijai. Tsoho yakan zame a makewayi ko wajen alwala a ɗauka ba komai, bayan makonni ya fara mantuwa da tangaɗi a ce tsufa ne, alhali jini ne ke taruwa. A gaya wa likita ranar da ya faɗi, da magungunan da yake sha, musamman na tsinka jini.