In An Yaye Ɗalibi, Ina Ya Dosa? Jawabi Ga Matasa Da Iyaye A Katsina

Wannan shi ne jawabin da wani Malami ya gabatar a wajen walimar yaye ɗalibai ta wata makaranta a cikin birnin Katsina, inda iyaye da malamai da matasa da dama suka halarta.

Bayan ya yi godiya ga Allah Ta'ala da salati ga Manzon tsira (S), Malamin ya fara da taya ɗaliban murna. Sai dai ya ce bai zo don ya yi ta yabonsu ba, domin masu yabo sun riga sun yi. Ya zo ne da tambaya guda, wadda ya ce duk uban da ke zaune a wurin ya kamata ta hana shi barci. Gobe da safe, in an naɗe tabarmi an kwashe kujeru, wannan yaron da aka miƙa wa takarda ina zai dosa?

Ya ce kafin a amsa, sai a waiwaya a ga yadda magabata suka yi a wannan gari. Katsina ba baƙuwar ilimi ba ce. Hasumiyar Gobarau tana nan tsaye tana shaidar cewa an daɗe ana karatu a garin. A ƙarshen ƙarni na 15 Shehu Magili ya zo Katsina. A ƙarni na 17 aka yi Wali Ɗan Marina da Wali Ɗan Masani, wanda ya rasu a 1667, har yau kuma unguwar Masanawa tana nan. Ya ja hankalin matasa ga sunan Ɗan Marina, ya ce ku dubi yadda aka jingina babban malami irin wannan ga marina, wurin rini. Ke nan a wancan zamani ilimi da sana'a a gida ɗaya suke kwana. Ya kuma kawo Malam Muhammadu al-Katsinawi, masanin lissafi da ilimin taurari, wanda ya tafi aikin Hajji, ya zauna a Alƙahira ta Masar ana ɗaukar karatu wurinsa, har ya rasu a can a 1741.

Malamin ya ce a makarantun allo da na zaure na wancan tsari, uba da ƙafarsa yake kai ɗansa wurin malam, ya san malamin, malamin ya san shi. Ranar Laraba a aika da kuɗin Laraba. In yaro ya yi fashi, kafin azahar labari ya iso gida. In ya kai sauka, a yi wa allonsa zayyana, dangi da maƙwabta su taru a yi walima. Tsakanin darasi da darasi kuwa yaron yana ɗinkin hula, ko jima, ko saƙa, ko yana bin mahaifinsa gona da kasuwa. Don haka ranar da ya sauke ba ya tambayar ina zai dosa, domin hanyar cin abincinsa tana hannunsa tun tuni.

Daga nan sai ya gangaro zamanin Turawa. Ya ce a zamanin Sarki Muhammadu Dikko aka kafa Kwalejin Katsina a 1921, Gwamna Hugh Clifford ya buɗe ta a 1922, don horar da malaman da za su koyar a makarantun Arewa. Daga larduna ake zaɓo yara, su zauna tare shekara biyar, su ci tare, su yi wasa tare. A nan Ahmadu Bello ya yi karatu daga 1926 zuwa 1931, ya koma Sakkwato ya koyar. Abubakar Tafawa Ɓalewa ya gama a 1933, ya koma Bauchi ya koyar. Abubakar Imam ya gama a 1932, ya koyar a Makarantar Midil ta Katsina, a 1939 ya zama editan Gaskiya Ta Fi Kwabo. A 1938 aka mayar da kwalejin Kaduna, a 1949 aka kai ta Zariya, ita ce ta zama Kwalejin Barewa. Tsohon gininta na ƙasa yana nan a cikin gari, an mai da shi gidan tarihi.

Ya ce darasi biyu ne a nan. Na farko, waɗancan ɗalibai ba aji kaɗai ne ya gina su ba, zaman tare ne. Sun san juna, sun koyi biyayya da jagoranci a ɗakin kwana da filin wasa, shi ya sa bayan shekaru talatin suka iya haɗa kai suka riƙe Jihar Arewa. Na biyu kuma shi ne inda gizo ke saƙar. Turawa sun gina makarantar ne don bukatar mulkinsu, 'yan kaɗan suke ɗauka, kuma duk wanda ya gama aikin En'e yana jiransa. Daga nan ne tunanin nan ya shiga kawunan mutane, cewa takarda ita ce aiki. A lokacin da masu takardar ba su fi a ƙirga da yatsu ba, maganar tana da ƙamshin gaskiya. Amma a 2024 da 2025, kowace shekara matasa kusan miliyan biyu suka zauna jarrabawar JAMB a ƙasar nan, mafi yawansu kuma ba su kai maki 200 cikin 400 ba. Ya ce wace gwamnati ce take da kujerun ofis da za su ɗauke wannan jama'a?

A daidai wannan gaɓa Malamin ya fuskanci iyaye. Ya ce abin takaici ne a sami uba wanda bai san ajin da ɗansa yake ba, bai taɓa buɗe littafinsa ba, bai san sunan malami ko ɗaya ba. In an kira taron iyaye da malamai sai ya ce yana kasuwa, amma in an ce ga wata makaranta a ƙauye inda ake rubuta wa yara amsa a allo ranar jarrabawa, nan da nan zai nemo kuɗi. Ya ce wannan uba ya koya wa ɗansa ha'inci da kuɗin aljihunsa, wal'iyazu billahi. Gobe in yaron ya zama ma'aikacin asibiti ko mai duba gini da takardar da bai san abin da ke cikinta ba, wa za a zarga?

Ya tuna wa jama'a daren Juma'a 11 ga Disamba 2020, lokacin da 'yan bindiga suka shiga makarantar sakandaren kimiyya ta Ƙanƙara suka kwashe ɗalibai, har sai ranar 17 ga watan aka sako 344. Ya ce a waɗannan kwanaki shida iyaye sun yi ta zarya a harabar makarantar, duk jihar ta zama uwa ɗaya uba ɗaya. Darasin shi ne kada a jira sai musiba ta sauka sannan a san hanyar makaranta. Akwai ƙungiyar iyaye da malamai, akwai kwamitin al'umma mai kula da makaranta da ake kira SBMC, wanda ya ƙunshi mai unguwa da iyaye da malamai da tsofaffin ɗalibai. A shiga, a tambayi katanga da maigadi, a tambayi rijiya da banɗaki, a tambayi malamin da ba ya shiga aji. Ya kuma roƙi maza da su daina ware iyaye mata a wannan sha'ani, domin uwa ce ta fi kowa sanin lokacin da yaro ya fara sauya hali.

Ga malamai kuwa, ya ce ya san albashi bai taka kara ya karya ba, aji kuma a cike yake. Duk da haka kada a bar yaro ya kai aji shida bai san abin da zai karanta ba. Tun daga aji uku ya kamata a zauna da shi da mahaifinsa a dubi inda ya fi ƙarfi. Ya ce a shekarun 1980 an kawo tsarin 6-3-3-4 da nufin yaro ya fita ƙaramar sakandare da aikin hannu, amma a makarantu da yawa kayan koyon aikin sun lalace a cikin akwatuna saboda babu wuta, babu masu koyarwa. To tunda haka ne, mai zai hana makaranta ta ƙulla da kafintoci da teloli da masu walda na unguwarta, yara su riƙa zuwa ranar Asabar da lokacin hutu?

Sannan sai ya juyo ga matasa, ya ce yanzu magana taku ce 'yan'uwa. Duk mai son shiga jami'a ya sani sai da kiredit biyar a WAEC ko NECO, har da Turanci da lissafi ga mafi yawan kwasa-kwasai. JAMB tun 2015 a kwamfuta ake yin ta, kuma tun 2021 ba a rajista sai da lambar katin ɗan ƙasa. Saboda haka wanda bai taɓa taɓa kwamfuta ba ya nemi inda zai koya tun yanzu, kuma ya tabbata sunansa da ranar haihuwarsa iri ɗaya ne a duk takardunsa. Ya ce makarantu suna nan kusa. A Katsina akwai Jami'ar Umaru Musa 'Yar'aduwa, da Jami'ar Al-Qalam, da Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Hassan Usman, da Kwalejin Ilimi ta Tarayya. A Dutsinma akwai Jami'ar Tarayya da Kwalejin Ilimi ta Isa Kaita. Wanda kuɗi ya tsayar, ya bincika asusun bashin karatu na NELFUND da aka buɗe a 2024 don ɗaliban manyan makarantun gwamnati, ba a ɗora masa ruwa. Amma ya sani bashi ne, ana biyansa bayan an gama.

Ya ce wanda bai sami gurbi bana ba kada ya ɗauka an rufe masa ƙofa. Haɗarin yana cikin shekarar nan ta jira. A cikinta ne yaro ke kwana har hantsi, ya yini a majalisa, daga nan a miƙa masa kwalba ko ƙwaya. A 2018 sai da gwamnatin tarayya ta hana shigowa da haɗa maganin tari mai kodin saboda yadda ya cinye matasan Arewa. A cikinta ne kuma 'yan siyasa ke samun ƙauraye, su ba su na kashewa lokacin zaɓe, in an ci a manta da su. Maganin wannan, in ji shi, shi ne kada rana ta fito ta iske saurayi ba shi da inda za shi. Ga gyaran waya, ga haɗa sola, ga aikin famfo da wayarin, ga ɗinki, ga noman rani a Ajiwa da Jibiya da Zobe. Zomo dai ba ya kamuwa daga zaune. Da yamma kuma ya koma zauren malam ya ci gaba da littattafansa, domin saukar da aka yi yau share fage ce.

Ya ƙara da cewa kada waɗanda aka yaye su watse. Su kafa zumunci na 'yan ajinsu, su riƙa haɗuwa ko sau ɗaya a wata, wanda ya sami hanya ya jawo ɗan'uwansa, wanda ya fara karkacewa a je har gida a same shi tun abin bai yi nisa ba. Kuma kowannensu ya ware rana ɗaya a mako ya dawo makarantar nan ya taimaka wa ƙannensa da lissafi ko karatu ko hadda, kyauta, domin makarantar tana binsu bashi.

A ƙarshe ya nemi kowane uba da kada ya kwanta a daren ranar sai ya zauna da ɗansa, ya tambaye shi abin da yake so ya yi, wurin wa zai koya, kuma yaushe zai fara. Ya rufe da addu'ar Allah Ya yi wa ɗaliban albarka, Ya saka wa malamai da iyaye da alheri, Ya kawo wa Katsina da ƙasa baki ɗaya zaman lafiya. Jama'a suka amsa da amin, sannan aka shiga rabon takardun shaida.