Koyar da 'Yan Firamare da Darussan Intanet



A 1976 aka buɗe shirin ilmin firamare kyauta ga kowa, watau UPE. Kayan aikin malami a wancan zamani su ne allo da alli da littafi. Yau an sami ƙari. Bayan cutar korona ta sa an rufe makarantu a 2020, Ma'aikatar Ilmi ta Tarayya, tare da UNICEF da Microsoft, ta ƙaddamar da Nigeria Learning Passport a 2022. Darussa ne na kyauta a intanet, cikin Turanci da Hausa da Yarbanci da harshen Ibo.

Amma fa a lura, waya ba za ta maye gurbin malami ba. Wajibi ne malami ya fara kallon darasin shi kaɗai, ya tabbata ya dace da ajinsa. Ya sauke shi a wayarsa tun da dare, don kada rashin sabis ya tsai da aiki. In darasin rabawa ne, ya nuna shi na 'yan mintoci, sa'an nan ya ajiye waya, yara su raba tsakuwa kashi-kashi da hannunsu. Yaron da ya kalla kurum, bai gwada ba, gobe ya manta.

Ku kuma iyaye, in kun ba yaro waya, ku zauna kusa da shi, ku tambaye shi abin da ya koya. Ilminsa amana ne a wuyanmu duka.